A Sa Namu A Ƙarshe

A tashar Tudun Wada, Malam Sabi'u na zaune kan benci yana jiran mota ta cika. Ya sayi robar kunun aya mai sanyi wurin wata mata da ke gefensa, ya sha rabi, sai hira ta faɗa kan motar kwashe shara da aka ce za a turo.

"Mota ɗaya, juji ko'ina," in ji shi. "Ni dai a fara da na bayan shagunan maganin feshi. Robobin guba ne tuli guda, ruwan sama na wanke su zuwa rafi."

"Haba Malam! A fara da na masu ƙona tsohon batir mana. Hayaƙinsu har cikin miya."

"Hayaƙi ai iska ke ɗauke shi, Hajiya. Akuyar ƙanena ta yi kiwo a jujin robobin nan da hantsi, ko la'asar ba ta kai ba."

"Kwananta ne ya ƙare. Akuya me ba ta ci?"

"Ikon Allah! Wai ke a ina kike zaune?"

"Jujin a ƙofar gidana yake."

"A ƙofar gidanki, kuma kike cewa a bar shi?"

"Ban ce a bar shi ba, a dai sa shi a ƙarshe. In aka kwashe, ina zan riƙa samun robobi masu murfi haka? Ko ɗigo ba sa yi."

Malam Sabi'u ya dubi robar hannunsa. Ya juya ta a hankali, sai ga guntun hoton tsutsa manne a jikinta.

"Kwantar da hankalinka, Malam, da toka nake wankewa," ta ce. "Shanye ka ba ni abata, motarku ta cika."