Mai Gyaran Tafireta da Dabarar Suwidin

Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba. A ɗakin jiran wani asibiti a unguwar Al-Azizya ta birnin Manzo na ji wannan, a 1997.

Wani tsoho ya tambayi na gefensa, "Malam, wane shugul kake yi?"

"Tattalin arziki nake koyarwa, Baba. A Suwidin na karanta."

"Ni tafireta nake gyarawa a titin Sultana. Kwamfuta ta kashe sana'ar, yarona kuma ya nace in koma wurinsa Jidda. A Suwidin ɗin yaya suke yi da irina?"

"Tun shekarun hamsin masanansu suka ce a bar sana'ar ta mutu, a ceci mai ita. Gwamnati ta koya masa wata, ta mai da shi garin da aiki yake."

"Ƙaura ke nan? Kakana da ƙafa ya zo daga Katsina don a binne shi nan a maƙabartar Baƙi'a. Kai gari nawa ka sauya?"

"Huɗu."

"A wanne za a binne ka?"

Malamin ya ce, "Wannan ba su koya mana ba, Baba."

"To halas, magana ta ƙare, ni ina nan."

Na sulale kafin su ga birona da takardar da nake rubuta hirarsu.