Hauyar Tana Nan a Zaure

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ne Malam Lawal daga Kusada, tsohon mai horar da malaman gona. A zamaninmu, sabon ma'aikaci ba ya taɓa biro sai na miƙa mashi hauya ya yi noma har hannunshi ya yi kanta. Yanzu horon ya koma cikin waya.

Ran nan wani sabon malamin gona ya tsaya ƙofar gidana yana tambayar hanyar Dudunni. Na shimfiɗa mashi tabarma mu tattauna aiki, sai ya ce, "Baba, ai an turo mana bidiyo." Ya tada babur ya wuce.

Ɗalibaina, in kuna saurare, ina gaishe ku. Hauyar tana nan a zaure, ni ma ban tashi ba.