Gurbin Dungulmi

A ɗakin jiran asibiti, wani dattijo ya leƙa kwamfutar budurwar da ke gefensa.

"'Yata, wannan dunƙulen fa?"

"Hannun roba nake zanawa, Baba. Siffar dungulmin mai shi tana ɓoye a ciki. In na cire ta, sai ta bar gurbin da zai zura dungulmin."

Ta danna, rami ya buɗe.

"Injin niƙa ya cinye hannun," ta ce, ranta a ɓace. "Bel ɗin injin ba murfi, don sakaci!"

"Ai kowa cirewa yake, ɓata lokaci ne. Ni ma na cire na injina."

Ta zuba masa ido. "Wa ka zo dubawa, Baba?"

Ya sake duban ramin da ke kwamfutar.

"Ɗana. Kina yin na hannun dama?"