Tankin da Ba a Taɓa Wankewa Ba

Shugabar taro, mai girma Magajin Gari, Fada Anselmo, Injiniya Maritza Iguarán, masunta da masu haƙar gishiri, iyayenmu mata na wannan gaɓa ta Guajira, ina gaishe ku a madadin kwamitin ruwa, ina kuma gode muku da halartar buɗe wannan famfo.

Na farko, koren da kuke gani a kwatamai ba ƙazanta ba ce. Gansakuka ce mai ƙananan ƙwayoyi, wadda ke rage wa ruwan teku gishiri kafin ya isa injin tacewa. Idan ta yi yawa a kwashe ta, a ruɓar, ta ba da gas ɗin da ke juya injin. Wata takwas Injiniya ta yi tana renonta.

Na biyu, da ma mun yi wa Doña Eufrosina wannan bayani tun farko. Shekara ashirin tana yaƙar sauron zazzaɓin dengi gida-gida, ita ta koya mana cewa koren tanki abin kunya ne. Da ta ji Magajin Gari zai zo duba aiki, sai ta tara mata goma sha biyu, da buroshi, da kulorin. Injiniya ta dawo daga birnin Riohacha ta tarar da kwatamai suna ƙyalli.

"Ba sai kin gode ba, 'yar nan," in ji Doña Eufrosina. "Karatu ne ya hana ki wanke-wanke."

Irin gansakukar ya mutu ƙurmus. Aka ba mu wata uku: ko ruwa ya zubo, ko a kai aikin wani gari, mu koma jiran tankar da ke zuwa idan ta ga dama.

Na uku, Don Nicanor. Tun da aka fara aiki ya ɗebi gansakukar bokiti guda ya gwada wa awakinsa, suka ƙi, ya juye a tsohon tankin bayan gidansa. Sau tara Doña Eufrosina ta liƙa masa takardar gargaɗi kan ya wanke tankin, sau tara yana cewa gobe. Da muka rasa iri, ita ce kuwa ta tuna da koren tankin nasa.

"Da buroshi kika zo?" ya tambaye ta daga ƙofa.

"Roƙo na zo, malalacin banza."

"To, ɗiba a hankali. Dukiya ce."

Jama'a, gansakukar da ta gyara ruwan da za ku sha yau, daga wancan tanki nasa irinta ya fito. Don Nicanor, gari ya gode. Mun gama ɗibar iri, kuma Doña Eufrosina ta ce in sanar da kai tana tafe gobe da ƙarfe bakwai, ita da matan nan goma sha biyu da buroshinsu.

Allah ya sa albarka a ruwan nan, ya kare mu daga sauro, ya mai da kowa gida lafiya, ya ba Don Nicanor haƙuri.

Na gode.