Ni Ne Gawar

A wata rumfar tura finafinai da ke Bata a Kano na ji wani saurayi yana roƙon mai rumfar, Madam Uchechi.

"Madam, sabon fim ɗin nan za ki sauko min da shi, ki ɗora a faifai. Wayar Inna a ƙauye ba ta nuna hoto."

"Je ka saya a shafin masu fim ɗin, su ba ka izinin kwafa. Ni ba na taɓa na sata."

"Ai ina cikin fim ɗin!"

"Kai ne jarumin?"

"Ni ne gawar."

"Gawa ba ta ba da izini, ɗana."

"Maƙwabta sun ga hotona cikin likkafani, har sun fara yi wa Inna ta'aziyya. Na kira ta, ta ce murya ba hujja ba ce."

"To lallai ta ga fim ɗin, hankalinta ya kwanta. Gawar nan atishawa ta yi ana tsakiyar kuka."

"Madam, sai gobe za a fara sayar da shi fa. A ina kika kalla?"

Madam ta jawo masa kujera.

"Zauna ka sha ruwa, marigayi. Goben sai mu saya tare."