Baƙon da ke Hannun Muntaka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Nababa. Mai girma Dagacin Tsamiyar Dabo da masu unguwanninsa. Limaminmu Malam Ja'afaru da sauran malamai. Baƙinmu da suka taso daga Bici da Dawakin Tofa da birnin Kano. Iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfa. Manoma da 'yan kasuwa da matasa, da duk wanda ya ajiye aikinsa ya zo ya tsaya cikin wannan rana: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ni ne Iliyasu, yayan marigayi Muntaka, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana, ina godiya ga dagaci da ya ba da wannan filin wasa, ina godiya ga matasan da suka share shi, suka nemi a sa masa sunan ƙanena. Na kuma san akwai iyayen da suka rantse 'ya'yansu ba za su taka wannan fili ba, domin sun ji an ce mai sunan ya dawo daga ƙasar waje da abin da ba a ambata. Saboda su na karɓi wannan lasifika. Zan faɗi abin da na gani da idona, da abin da ya gaya mini da bakinsa, kowa ya auna da hankalinsa.

Na farko, mafarin al'amarin. Dattawa ba su manta shekarun fari ba, lokacin da rijiyoyi suka ƙafe, rumbuna suka zama wurin kwanan ɓeraye, ɗan geron da ya tsira kuma tsuntsayen jan-baki suka sauko masa kamar hayaƙi. Kowa ya fita gadin gona da majajjawa da gwangwani, Muntaka kuwa hannunsa kawai ya fita da shi. Yakan hau kan suri a tsakiyar gonar mahaifinmu, ya tara hoge a gabansa, ya yi ta jifa tun hantsi har la'asar, kuma abin da ya nufa shi yake samu. A nan wani malamin wasanni, ɗan kudu mai bautar ƙasa, ya tsaya da kekensa yana kallo, har ya biyo shi gida ya ce wa mahaifinmu akwai wasan da ake kira besbol. Mutum ɗaya ke tsayawa kan ɗan tudu ya jefa ƙwallo, wani ya tsuguna ya cafe, na uku ya tsaya tsakaninsu da kulki yana ƙoƙarin bugewa. Gwanin majefi shi ne wanda ake kai wa ƙwallonsa duka a sami iska. Mahaifinmu ya ce, "Yanzu jifa ma sana'a ce?" Amma gidan babu hatsi, sai ya sa masa albarka.

Muntaka ya tafi Ikko, ya kwana a ƙarƙashin benci a filin wasa, ya koyi jifan da ke lanƙwasa da jifan da ke tafiya kamar kibiya. Daga nan masu neman 'yan wasa suka ɗauke shi zuwa wata ƙasa ta gabas mai nisa, bayan teku. Ya fara daga ƙaramar ƙungiya, inda shi ke wanke kayansa, ya hau zuwa ta tsakiya, ya hau zuwa babba. A shekarun da kaya suka yi tsada, albashi ya daina kai ma'aikaci ƙarshen wata, taki ya gagari manomi, motar hatsi takan tsaya a ƙofar masallacinmu a raba wa kowane gida. Jama'a, da yawa daga cikin waɗanda ke tsaye a nan, tuwon da ya raya su daga wannan hannu ya fito.

Na biyu, abin da ya same shi a can. Wata rana yana tsakiyar wasa ya ji wani abu ya tsinke a gwiwar hannunsa na dama, ƙwallon ya faɗi a gabansa. Likitoci suka ce jijiya ce ta yanke, kuma za a iya dasa masa wata daga jikin mamacin da ya yi wasiyya a amfani mutane da gaɓoɓinsa, amma dokarsu ta hana a faɗi ko wane ne. Ya tambayi limamin masallacin da yake salla, aka ce masa lalura ce, ya halatta. Aka yi aikin, ya yi jinya mai tsawo, ya warke.

Ranar da ya koma kan tudu, ya ce mini da ya ɗauki ƙwallo sai yatsunsa biyu, manuni da na tsakiya, suka buɗe da kansu suka riƙe shi ta gefe da gefe, riƙon da bai taɓa yi ba, ba a kuma taɓa koya masa ba. Ya jefa. Ƙwallon ya tafi sak, yana isa gaban mai kulki ya nutse ƙasa kamar an ja shi da zare. Mai cafewa ya miƙe tsaye, ya cire abin kare fuskarsa, ya daɗe yana kallonsa. Koci, wato mai horar da su, ya ce, "Wa ya koya maka wannan?" Muntaka ya ce, "Ba kowa." Da wannan jifa ya yi sunan da bai yi da nasa ba. Ana yi masa tafi, ana ɗaga hotonsa, shi kuwa ya ce mini, "Yaya, ni dai tsayawa nake yi. Wani ke jifan."

Rannan bayan an tashi wasa da rana, wata tsohuwa 'yar ƙasar ta tare shi a bakin ƙofa. Rigarsa mai dogon hannu ce, tabon aikin a rufe yake, amma ta kama gwiwar hannun, ta ɗora yatsa daidai kan ɗinkin, ta sunkuya tana yi wa hannun magana a hankali, ba ta ko dubi fuskarsa ba. Ya tambayi tafintansa me take cewa. Tafintan ya ce, "Ta ce ka bar shi ya huta. Ta ce tun yana da rai ya gaji." Kafin ya sake tambaya ta shige cikin jama'a, bai ƙara ganinta ba. Bai san sunanta ba, bai san sunan wanda take nufi ba, amma zuciyarsa ta ba shi uwar mamacin da aka dasa masa jijiyarsa ce. A makon nan ya ajiye wasa yana kan ganiyarsa, ya dawo gida ya ɗauki fartanya.

Na uku, zamansa a cikinmu. Matarsa Rukayya tana nan zaune, za ta shaida: gwiwar hannun nan sanyi gare ta kamar randa, ko a tsakiyar bazara. Ya haramta wa kansa jifa, ko akuya ce ta shiga gonarsa sai dai ya bi ta da ƙafa. Sai ranar da mahaukacin kare ya shigo gari. Muna tsaye ni da shi a bakin kasuwa, yana fuskantata, rijiya tana bayansa da nisa, Barira matar Basiru tana jan ruwa da goyo a bayanta. Ni na hango karen ya nufe ta, bakina bai riga ya buɗe ba. Muntaka yana cikin yi mini zancen irin gyaɗa, idonsa a kaina, na ga hannunsa ya sauka ya ɗauki dutse ya jefa, jikinsa ya juya ya bi hannun. Karen ya faɗi a gefen guganta bai ƙara motsi ba. Muntaka ya dubi hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Yaya, wallahi ban gan shi ba."

Barira tana raye, ɗan da ta goya yana cikin waɗanda suka share wannan fili. Amma tun daga ranar mutane suka fara janye hannu idan ya miƙo nasa, aka daina sa hannu a kwano ɗaya da shi, aka bar gurbi a gefensa na dama a sahun salla. Bai yi ƙorafi ba. Ya ce mini, "Kada ka ga laifinsu. Ni ma da nake tare da shi ban saba ba."

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kira ni ya ce, "Yaya, mu biyu za ku binne. Ni ina da ku. Shi ba shi da kowa a nan, ko sunansa ba mu sani ba. Duk wanda zai yi mini addu'a, ya haɗa da shi."

Ni na yi masa wanka, Malam Ja'afaru yana zuba ruwa, ga shi nan zaune, idan na ƙara ko na rage ya tsayar da ni. Duk jikin ya saki, ban da yatsun nan biyu, suna buɗe, suna riƙe da abin da babu. Na haɗa su, suka koma. Na sake haɗawa, suka koma. Malam ya ajiye buta ya ce, "Iliyasu, baƙo ne. Yi masa magana." Na sunkuya kan gwiwar hannun kamar yadda tsohuwar ta yi, na ce, "Bawan Allah, an tashi wasa. Ka ciyar da mu, ka tsare mana rai, mun gode. Ka huta." Muna kallo yatsun suka kwanta a tafin hannuna ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa gwiwar, ita kaɗai ce da ɗumi a jikin gawar.

Ban zo in fassara muku wannan ba, domin ban sani ba, kuma Allah ne masanin gaibu. Na zo in ce hannun da kuka guda bai taɓa cutar da ku ba. Ku bar 'ya'yanku su shigo fili, ku gaisa da 'ya'yan Muntaka da hannu biyu. Ku kuma masu koyarwa, idan ɗan wasa ya ce hannunsa ya gaji, ku karɓi ƙwallon ku ce ya zauna.

Allah ya jiƙan Muntaka, ya haskaka kabarinsa. Baƙon da ke kwance tare da shi a maƙabartarmu ta gabas, wanda uwarsa ta san shi daga jifa, mun bar al'amarinsa ga Ubangijin da ya san sunansa. Allah ya ba mu damina mai albarka, kada ya maimaita mana shekarun da suka wuce, ya tsare gaɓoɓin 'ya'yanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.