Ɗan Mutumin da ke Rusuna Mini da Safe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa. Allah gafarta Malam Liman. Fasto Samuel, maƙwabcinmu. Alhaji Tanimu, yayan marigayi, da ya taso tun daga Zariya. 'Yata Jannat, matar marigayi, da jikata Muhsina, 'yarsu. Jama'ar Kwamba manya da yara, ina gaishe ku. Ku yi mini afuwa, a zaune zan yi magana, gwiwoyina sun riga ni yin murabus.

Sunana Nata'ala, tsohon malamin firamare ne ni. Shekara shida bango ɗaya ya raba ɗakina da na marigayi Khamis. A lissafina shi zai tsaya ya faɗi wani abu a kaina, sai ga shi Allah ya juya lissafin.

Khamis ya kasance mai gyaran lif, na'urar nan da ke hawa da mutane dogayen benayen Abuja. Kullum sai ya bi motar farko, ya dawo da baƙin mai a farce.

Ya kasance mai bin 'yan gwanjo yana tsintar ƙananan bulon roba na wasan yara, da 'yan faya-fayan nan masu haƙora da makanikai ke kira giya. Ran Asabar ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron gidanmu, yaran unguwa su kewaye shi. A kan tabarmar nan muka ga raƙumi mai tafiya da ƙafa huɗu. Muka ga balbela tana sunkuyawa tana ɗagowa kamar tana kiwo a fadama. Ba batir, ba waya, sai mariƙi da ake murɗawa, haƙori ya kama haƙori. Iya Tobi mai shago takan leƙo ta ce, "Baban Muhsina, ƙato da kai, kana wasan yara?" Ya ce, "Iya, zo ki murɗa." Ta murɗa sau ɗaya, ranar sai da masu sayen burodi suka yi ta kiranta.

Ya kasance mai doka ɗaya tak: Asabar ɗin farko ta kowane wata, a wargaza komai, a mayar cikin kwali. Na taɓa roƙonsa ya bar mana raƙumin. Ya ce, "Baba, bulon kaɗan ne, yaran da yawa. In raƙumi ya tsaya, jirgin yarinyar nan Mmesoma ba zai samu fiffike ba."

Sau ɗaya ya karya dokar nan, kuma saboda ni ne.

Matata ta rasu da daɗewa, 'ya'yana suna nesa. Wata damina na zame a ɗaki bayan sallar asuba, na kwanta a ƙasa har azahar ba wanda ya sani. Khamis ya dawo ya ji labari. Ran Asabar ya shigo da kwalinsa, ya sami wani tsohon ramin famfo a bangonmu, ya zura siririyar sanda ta ratsa ɗakunan biyu. A gefena ya kafa ɗan mutum-mutumi, tsawonsa bai wuce taƙi ba, da jar hula. A gefensa ya kafa tsuntsu. Ya ce, "Baba, kafin in fita zan murɗa, wannan ya gaishe ka. Kai ma ka murɗa naka, tsuntsuna ya kaɗa kai. Ranar da bai kaɗa ba, ƙofarka ta shiga uku."

Shekara huɗu ɗan mutumin nan yana rusuna mini. Nakan ji haƙoran suna ƙas-ƙas a cikin bango kafin ya motsa. Wani lokaci ina kwance sai in ga kamar garin nan duka haka aka gina shi, sanda ɗaya ta ratsa bangayenmu tun daga Kwamba har gindin dutsen Zuma, ta bi ɗakin Bayarabe da na Gwari da na Bakano, wani ya murɗa a nan, wani ya ɗaga kai a can.

Zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke Khamis. Washegarin jana'iza na zauna ina kallon jar hular, ba ta motsa ba. Rana ta biyu ma haka. A rana ta uku na ji ƙas-ƙas. Jama'a, na ɗauka mafarki nake, ko kuwa nawa lokacin ne ya zo. Ɗan mutumin ya rusuna a hankali, ba irin murɗawar Khamis ba, shi da gaggawa yake yi. Ashe Jannat ce. Tana cikin takaba, da nata hawayen, ta tuna akwai tsoho a bayan bango. Wata huɗu da kwana goma ba ta tsallake safiya ɗaya ba.

'Yata Jannat, jibi za ku koma Zariya, kuma daidai ne. Jiya kin aiko Muhsina ta ce mini za ku bar mini ɗan mutumin. Na gode, amma ba zan karɓa ba. Ba na ɓoye miki, ina tsoron safiyar da zan farka bango ya yi shiru. Sai dai in ba hannu a ɗaya gefen, roba ce kawai zan zauna ina kallo. Kuma manyan giya guda shida ne a cikinsa, shekara huɗu yaran nan suna gini babu su, ba wanda ya taɓa yi mini gori.

Alhaji Tanimu, roƙona ɗaya ne. Kada kwalin nan ya hau mota. Ku bar wa yaran Kwamba. Ni ban iya haɗa komai ba, amma na iya zama da yara, shekara talatin da biyar aikina ke nan. Gobe Asabar ɗin farko ce ta wata. Muhsina, kafin ku ɗaure kaya, ki zo ki cire hular da hannunki, sauran su wargaza. Tabarmar kuma a dawo da ita ƙofar ɗakina. Ku kuma maƙwabta, duk wanda ya riga fita da safe, ya ƙwanƙwasa mini. In ban amsa ba, kada ya ji kunya, ya tura.

Na gode da kuka saurari tsoho. Allah ya jiƙan Khamis, ya haskaka makwancinsa, ya sa ya huta. Allah ya ba Jannat haƙuri, ya raya Muhsina, ya kai su gida lafiya. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani, kuma kada ya bar ɗayanmu a bayan ƙofa ba mai tambaya. Amin.